Kogin da Ya Hau Mota

Da asuba nake ɗaura tiyo a bakin rijiyar da ba tawa ba,
in jira tanka ta cika.
Lita dubu goma. Ina jin nauyinsu a ƙuguna
tun kafin tayoyi su ji.

Sunana Eulogio. A nan Petorca aka yanke mini cibiya.
Ƙarƙashin gadar can na koyi iyo,
ruwa har wuya, ƙanƙarar duwatsu ce ta narke ta gangaro,
mu fito haƙora na kaɗawa.
Yau ta ƙasan gadar nake yanke hanya,
ƙura na bin bayana kamar bashi.

Gidan farko na Herminda ne.
Ta riga ta jera duro biyu, shuɗi da mai tsatsa,
da tukunya, da jarka, har da kwanon kare.
Lita hamsin kowane kai, haka takarda ta ce.
Takarda ba ta ƙirga akuya ba.
Takarda ba ta san da itacen lemon
da mijinta ya dasa a shekararsa ta ƙarshe ba.

Ruwan gidanta sau uku yake aiki kafin ya huta:
ya wanke shinkafa, ya wanke kwanuka, ya goge daɓe,
sannan, baƙi ƙirin, a gajiye,
ta kai shi gindin lemon da hannu biyu
kamar mai kai wa majinyaci romo.

To, ɗaga kai ka dubi tudu.
Kore shar, layi bayan layi, har inda ido ya gaza:
gonakin fiya.
A tsakiyarsu tafkunan da aka haƙa, aka shimfiɗa wa baƙar leda,
cike fal, suna kallon sama ba ƙiftawa.
An ce mai su yana da takardar mallakar ruwa.
Ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Na dai san shingensa na waya, na san muryar karnukansa.

Rediyo ya ce fari ne. Ban musa ba,
sama ta yi rowa, hadari ya haɗu ya watse sau ba adadi.
Amma farin da ya san ƙofar Herminda
ya manta hanyar hawa tudu,
ai wannan da ɗan jagora ya zo.

Da yamma tireloli ke saukowa, akwati kan akwati,
sun nufi tashar jiragen ruwa.
Nakan raɓe gefe in ba su hanya.
Can wata ƙasa da ruwan sama ya ishe su har suna tsaki,
wani zai raba fiya biyu, ya shafa a burodi,
bai san kogin da na yi iyo a ciki yake taunawa ba.
Ban riƙe shi a zuciya ba. Ina zai sani?

Tankata na yoyo ta baya, ɗis, ɗis.
Mai mota ya ce in kai wa mai walda.
Na ce gobe.
Goben nan ta shiga wata na uku,
kuma duk hanyar da nake bi, siririyar ciyawa ta tsiro,
zare guda kore, daga rijiya har ƙofar makaranta.
Akuyar Herminda ce ta fara ganowa.

Jiya jikanta Nicanor, ɗan shekara shida,
ya ja mini riga:
"Me ya sa aka gina gada a kan duwatsu?"
Na buɗe baki, magana ta maƙale.
Sai na murɗa famfon tanka, na kama hannunsa na sa a ƙasa.
"Ka ji sanyin nan? Haka, amma daga nan har bishiyoyin can,
dare da rana, ba mai ƙirgawa."

Ya dube ni, ya dubi ruwan da ke zuba a ƙasa.
"Rufe," ya ce. "Kaka za ta yi faɗa."